Daren Halowin a Amurka: bin gidaje, filin motoci ko zaman gida, wanne ya fi wa yaranku aminci?

Da zarar watan Oktoba ya raba tsakiya, duk gidan Bahaushen da ke da yara 'yan makaranta a Amurka ko Kanada ko Ingila sai maganar ta taso. Kantuna sun cika da kabewa da kayan dodanni, makaranta ta aiko da takarda, abokan aji kowa na faɗin shigar da zai yi ranar 31 ga wata. Sai ka ji ƙaramin ya ce, "Baba, mu ma za mu je?" Uban yana tunanin addini, uwar tana tunanin abin da baƙo zai zuba wa ɗanta a jaka. A gidaje da yawa ba a yanke hukunci sai ana saura awa biyu, cikin faɗa ko cikin gajiya, kuma irin wannan hukuncin na ƙurarren lokaci shi ke fitar da yaro titi ba shiri.

Ga wanda bai taɓa gani ba: da yammacin ranar yara kan yi shigar burtu, wani fatalwa, wata gimbiya, wani ɗan kwana-kwana, su bi gida-gida suna danna ƙararrawa ana ba su alawa da cakuleti. Wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Damagaram zai tuna da tashe, domin siffar ɗaya ce: dare, yara, sauya kama, ƙofar maƙwabta, ɗan abin da aka samu a raba. Bambancin shi ne tashe a lungu ake yi, inda kowa ya san ɗan gidan wane ne wannan, shi kuwa Halowin a kan kwalta ake yinsa, a ƙasar da mota ta fi mai tafiya a ƙasa gata.

Hukuncin halacci ba nawa ba ne. Malamai da yawa sun hana saboda asalin bikin, wanda ya samo tushe daga al'adun mutanen Ailan da Sukotlan na dā da kuma jajibirin ranar waliyyan Kirista, har ma akwai coci-coci da ba sa yarda mabiyansu su yi. Wasu iyalai kuma suna kallonsa a matsayin wasan yara da neman alawa kawai. Kowa ya san malaminsa. Abin da ya rage shi ne, ko kun yarda ko ba ku yarda ba, daren zai zo, unguwa za ta cika, za a danna muku ƙararrawa, kuma 'ya'yanku suna leƙe ta taga. Hanyoyin da ke gabanku huɗu ne: bin gidaje, taron filin motoci, taron rana a kasuwa ko ɗakin karatu, ko zaman gida. Kafin a auna su, sai an san inda haɗarin yake.

Mota, sannan sauran

A shekarar 2018 mujallar likitocin yara ta JAMA Pediatrics ta buga wani bincike da Dakta John Staples na Jami'ar British Columbia ya jagoranta. Sun ɗauki bayanan haɗurran mota na Amurka na shekara 42, daga 1975 zuwa 2016, suka kwatanta yammacin Halowin da yammacin mako guda kafinsa da mako guda bayansa. Masu tafiya a ƙasa 608 ne suka mutu a waɗannan yammatan na Halowin, kuma haɗarin ya ɗara na sauran ranakun da kashi 43 cikin 100. Inda abin ya fi tayar da hankali shi ne yara 'yan shekara 4 zuwa 8: nasu haɗarin ya ninka har sau goma.

Dalilin a fili yake. Tun 2007 Amurka ta tura ranar mayar da agogo baya zuwa Lahadin farko ta Nuwamba, amma duk da haka a New York rana na faɗuwa kafin ƙarfe 6 a ranar. A Landan kuwa, inda ake mayar da agogo a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, wajen huɗu da rabi magariba ta yi. Wato yara na fitowa daidai almuru, lokacin da ido bai saba da duhu ba, ma'aikata na gaggawar komawa gida, daga baya kuma masu dawowa daga mashaya su hau titi. Yaron da ya hango gida mai fitila a tsallake ba ya zuwa kwana ya jira danja, ta tsakanin motoci biyu da aka ajiye yake faɗowa, da abin rufe fuska da ya toshe masa gefen ido, da baƙar riga.

To amma ku tambayi iyaye goma abin da suke tsoro, yawancinsu za su ce guba a alawa ko reza a cikin tuffa. Ana ga yaƙi, muna ga ƙura. Farfesa Joel Best na Jami'ar Delaware ya bi diddigin rahotannin jaridu tun daga na 1958, kuma bai samu yaro ko ɗaya da aka tabbatar baƙo ya kashe shi da alawar Halowin ba. Labarin da ya fi shahara na 1974 ne a Texas, inda yaro ɗan shekara 8 ya mutu bayan ya sha garin alawa mai guba. Bincike ya nuna mahaifinsa, Ronald O'Bryan, shi ya zuba gubar don ya ci kuɗin inshora, aka kuma zartar masa da hukuncin kisa a 1984. Tsoron ya ƙara yaɗuwa a 1982, bayan mutum bakwai sun mutu a yankin Chicago sakamakon gubar da aka sa a maganin Tylenol makonni kaɗan kafin bikin. Duba alawa abu ne mai kyau, zan zo kansa. Sai dai uwar da ta kwana tana jujjuya takardar minti alhali ta bar ɗanta ɗan shekara 6 ya tsallaka titi shi kaɗai da magariba ta kashe ƙarfinta inda bai kamata ba.

Saboda haka ma'aunin farko ga kowace hanya shi ne: sau nawa yaron zai haɗu da mota mai tafiya?

Bin gidaje

Wannan shi ne ainihin abin da yara ke so, kuma shi ne mafi haɗari a kan ma'aunin da muka kafa. Amma bin gidaje iri-iri ne, kuma unguwa ce ke raba su.

Unguwar da ke da hanyar masu tafiya a ƙasa a gefen titi biyu, da fitilun kan hanya, da gidaje kusa da juna, da cincirindon iyalai a waje, ita ce mafi sauƙi. Yawan jama'ar ma kariya ce, domin direba na ganin taro yake rage gudu. Unguwannin bayan gari irin na Houston ko wasu sassan Maryland da Georgia, inda gida ke nesa da gida, babu gefen tafiya, babu fitila, motoci kuma na gudun mil 40 a awa, wannan wata duniya ce dabam. Binciken da gidauniyar AAA, ƙungiyar masu motoci ta Amurka, ta yi a 2011 ya nuna cewa mutumin da mota ta buge tana gudun mil 23 a awa, yiwuwar mutuwarsa kashi 10 ce cikin 100. Idan gudun ya kai mil 42, ta koma kashi 50. Idan titinku irin na biyun ne, ku ɗauki yaran a mota ku kai su unguwa irin ta farko. Mutane da yawa haka suke yi, ba wanda zai kalle ku.

A Bronx da Harlem da Brooklyn, inda yawancin mutanenmu ke zaune a benaye, salon ya bambanta. Yara kan bi shagunan bakin titi tun da la'asar, wasu benayen kuma ana manna takarda a ƙasa, duk mai son a buga masa ƙofa ya rubuta lambar ɗakinsa. Bin ƙofofi a cikin benenku ya cire mota daga lissafi gaba ɗaya, kuma maƙwabtan da kuke haɗuwa da su a lifta ne. Abin lura a nan matakala ce da doguwar riga, sai kuma kada yaro ya shiga benen da ba nasu ba. Tun 2022 hukumar sufuri ta birnin New York take rufe wasu tituna ga motoci a ranar, a shirin da take kira Trick-or-Streets, kuma tana fitar da jerinsu kafin ranar. Idan akwai ɗaya kusa da ku, kun samu daɗin bin gidaje ba tare da mafi munin haɗarinsa ba.

Ƙa'idar da Safe Kids, ƙungiyar kare yara daga haɗurra, ke bayarwa ita ce duk yaron da bai kai shekara 12 ba sai da babba. Ni zan ƙara da cewa yaya 'yar shekara 13 ba babba ba ce a daren nan. Mun saba ɗora wa babbar 'ya ƙannenta, kuma a sauran ranaku tana iyawa, amma yau ita ma alawar take nema, ƙawayenta na kiranta, wayarta na hannunta. Babba ɗaya ya riƙe yara uku ko huɗu, a gama gefe ɗaya na titi kafin a tsallaka ɗayan, a tsallaka a kwana, hannun ƙarami a cikin hannun babba. Shi babban kuma ya ajiye waya a aljihu. Hoton a yi shi a gida kafin a fita.

Al'adar fitilar ƙofa ita ce dokar daren: gidan da ya kunna yana maraba, wanda ya kashe a wuce shi. A gaya wa yara wannan sau biyu, a kuma gaya musu ana tsayawa ne a bakin ƙofa, ba a shiga, ba a zagayawa ta baya, ba a shiga motar kowa. Akwai dalilin da ya sa nake nanatawa. A Oktoban 1992 wani ɗalibi ɗan Japan mai shekara 16, Yoshihiro Hattori, yana neman gidan da ake walimar Halowin a Baton Rouge ta jihar Louisiana, ya kuskure lamba, mai gidan ya harbe shi har lahira, kotu kuma ta sallami mai gidan a shari'ar kisa. A Afrilun 2023 an harbi Ralph Yarl, baƙar fata ɗan shekara 16, a Kansas City don ya danna ƙararrawar gidan da ba shi aka aike shi ba. Shi Allah ya yi da sauran kwanansa. Irin wannan ba ya yawan faruwa, amma ƙasa ce da bindiga ke cikin gidaje masu yawa, kuma 'ya'yanmu baƙaƙe ne. Gida mai duhu, a bar shi da duhunsa.

Taron filin motoci

A takardar makaranta za ku gan shi da sunan Trunk-or-Treat. Iyaye ne ke jera motocinsu a filin ajiye motoci na makaranta ko coci ko ofishin 'yan sanda ko na 'yan kwana-kwana, kowa ya buɗe but ɗinsa ya ƙawata, yara su bi mota-mota suna karɓa. Ya fara bazuwa tun shekarun 1990, galibi ta hannun coci-coci, yanzu kuwa ya zama ruwan dare. Yawanci ana yinsa a ƙarshen makon da ke gabanin ranar, da rana ko da la'asar sakaliya.

Ga yaro ɗan shekara 4 zuwa 8, wato waɗanda alƙaluman can suka fi shafa, ban ga abin da ya kai shi ba. Motocin a kashe suke, filin a killace yake, kuna ganin yaronku daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kuma a cikin minti arba'in an gama an koma gida kafin magariba. Uwar da ke da goyo da wasu biyu a hannu, mijinta kuma yana aikin dare, wannan ne kaɗai zaɓin da za ta iya riƙewa ita kaɗai.

Rauninsa yana bakin shiga da bakin fita. Cikin taron lafiya lau, amma wurin da baƙi ke ajiye nasu motocin cike yake da masu ja da baya, kuma direban babbar jif ba ya ganin yaron da tsayinsa bai wuce taya ba. Daga ƙofar motarku zuwa igiyar da aka killace filin, a nan za ku riƙe hannu sosai. Kafin ku je, ku tambayi masu shiryawa ko ana hana motocin cikin fili motsi har sai an tashi. Idan ba su da amsa, taron bai tsaru ba.

Abu na biyu ya shafi wanda ya shirya. Na coci sau da yawa yana zuwa da 'yar takardar wa'azi a cikin jaka ko gayyata zuwa ibadar Lahadi. Ba ɓoyewa suke yi ba, haƙƙinsu ne a filinsu, amma gidan Musulmi ya san da haka kafin ya tafi. Na makaranta ko na hukumar gari ba su da wannan. Na uku kuma, wanda iyaye ba sa hangowa: tunda an yi shi kwana uku ko huɗu kafin ranar, daren 31 na zuwa yaron zai ce ai wancan ba shi ne na gaske ba. Ku yi yarjejeniya tun farko cewa wannan ya maye gurbin wancan, in ba haka ba kun ƙara fita ɗaya ne kawai a kan wadda kuke gudu. Yaron da ya haura shekara 10 kuwa yawanci yana ganin abin na ƙanana ne, zai bi ku yana kumbura baki.

Kasuwa, ɗakin karatu, gidan namun daji

Manyan kasuwannin zamani kan sa shaguna su raba alawa na awa biyu, ɗakunan karatu na unguwa kan yi nasu da rana, gidan namun daji na Bronx ma yana da shirinsa na Oktoba, sai dai shi da kuɗin shiga. Babu mota, babu sanyi, akwai haske da banɗaki. Matsalar ɗaya ce: ɓatan yaro a cunkoso, a ranar da yara ashirin ke sanye da riga iri ɗaya. Ku ɗauki hotonsa da shigar da ya yi kafin ku fita, ku rubuta lambar wayarku a takarda ku sa masa a aljihu, ku nuna masa mai gadi ku ce in ka rasa ni wurin wannan za ka je. Ga ɗan ƙasa da shekara 4 wannan ya isa har ya yi yawa.

Zaman gida

A kan takarda babu abin da ya kai shi aminci, kuma ga iyalin da suka yanke cewa ba sa yi saboda addini, shi ne hanyar. A kashe fitilar ƙofa, a sauke labule, ba wanda zai ga laifinku. Maƙwabta da yawa ma haka suke yi don dalilansu.

Amma zaman gida yana aiki ne idan yaron ya zauna ɗin da gaske. Mafi munin yanayi a duk daren nan shi ne ɗan shekara 12 ko 14 da aka ce wa "ba inda za ka" ba tare da bayani ba, ya ce zai je karɓo aikin makaranta wurin abokinsa, ya ari abin rufe fuska a hanya. Ba tocila, ba babba, ba wanda ya san unguwar da ya nufa, kuma in wani abu ya faru zai ji tsoron kiran gida. Hanin da ba shi da madadi yakan haifar da wannan. Masallatai da dama a Amurka da Kanada sun gane haka, suna shirya daren iyali a ranar, da wasanni da abinci da alawar da aka tantace. In naku ba ya yi, gidaje uku ko huɗu za su iya haɗuwa a gida ɗaya tun kafin magariba, a dafa abin da yara ke so, a saya musu alawar da ta fi ta abokansu yawa. Washegari a makaranta kowa na ba da labari, su ma suna da nasu. Ku kuma yi wa yaron bayanin dalilinku da rana tsaka, kwanaki kafin ranar, yadda zai iya maimaita shi ga abokinsa ba tare da jin kunya ba.

Akwai masu tsaka-tsaki, su ba sa fita amma suna bayarwa, don zumuncin maƙwabtaka. In haka kuka zaɓa, ku share matakala, ku kawar da tiyo da keke daga hanya, kuma ku sayi alawar kanti mai rufaffiyar takarda. Kada karamci ya sa ku ɗaura cincin ko alawar madara ko ƙuli-ƙuli a leda. Iyayen can duk abin da aka yi a gida kwandon shara suke zuba shi, ƙuli-ƙuli kuwa zai iya kai ɗan maƙwabci asibiti a daren, in yana cikin waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa.

Rigar da alawar

Waɗannan biyun suna bin yaro duk hanyar da aka zaɓa, amma nauyinsu ya fi yawa a bin gidaje.

Riga mai haske ta fi baƙa, kuma wannan ya haɗa da ke kanki, uwar yara: baƙar abaya da baƙin hijabi a titin da ba fitila, direba ba zai gan ki ba sai ya iso. Salatif mai ƙyalli da ake sayarwa a shagon kayan gini, a manna a jaka da bayan riga da takalmi, kowane yaro da tocilarsa. Rigar kada ta ja ƙasa. Fenti a fuska ya fi abin rufe fuska, a gwada shi a hannu kwana ɗaya kafin ranar. A nemi rigar da aka rubuta ba ta saurin kama wuta, domin har yanzu wasu na kunna kyandir a cikin kabewa a bakin ƙofa. A 2014 rigar Halowin ɗin 'yar Claudia Winkleman, mai gabatar da shiri a BBC, ta kama da wuta daga irin wannan kyandir, yarinyar ta ƙone sosai, abin da ya sa manyan kantunan Ingila suka tsaurara gwajin kayan. 'Yan mata masu tasowa kuma sukan so ɗan gilashin nan mai launi da ake mannawa a ƙwayar ido. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta haramta sayar da shi ba da takardar likita ba, saboda yana iya kankare ido ya sa masa ciwo.

Bindigar wasa kuwa, a'a, ko ta roba ce mai launin lemo. Tamir Rice shekararsa 12 lokacin da ɗan sanda ya harbe shi a Cleveland a Nuwamban 2014, yana riƙe da bindigar wasa a filin shaƙatawa da rana. Takobi ko wuƙar roba mai kama da ta gaske ma a bar ta a kanti.

Alawa kuma, dokar ita ce ba a ci a hanya, shi ya sa ake ciyar da yara su ƙoshi kafin a fita. In an dawo a zube ta a tebur ƙarƙashin fitila. Wadda takardarta ta buɗe a zubar. Sai a ware masu jelatin, wanda a Amurka galibi daga alade ake samunsa: alawar roba mai siffar dabbobi, farar alawa mai laushi kamar soso, da irin su Starburst na Amurka. Ƙananan ƙunshin da ake rabawa sau da yawa ba sa ɗauke da jerin abin da ke ciki, sai an duba sunan a intanet. Dabarar da ke hana kuka ita ce musaya: ku tanadi cakuletin da kuka yarda da shi, duk wadda aka ɗauke a mayar masa da biyu. Ɗan ƙasa da shekara 4 a raba shi da minti mai tauri da cingam da gyaɗa, saboda shaƙewa.

Wanda ɗansa ke da matsalar gyaɗa, wannan kaɗai ya isa ya sauya masa zaɓi. Binciken da aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Kanada a 2020 ya gano cewa mummunan tashin wannan ciwo a yara na ƙaruwa da kashi 85 cikin 100 a lokacin Halowin. Allurarsa ta gaggawa ta kasance a jikin babban da ke tare da shi. Gidan da ya ajiye kabewa mai launin shuɗi-kore a ƙofa yana nufin yana da kyautar da ba ta ci ba, kamar fensir ko sitika. Ƙungiyar FARE, mai kula da waɗanda jikinsu ba ya karɓar wasu abinci, ita ta yaɗa wannan tun 2014.

Sai alawar wiwi, wadda ake yi wa takarda mai kama da ta alawar yara. Wani bincike a mujallar Pediatrics ya nuna cewa yara 'yan ƙasa da shekara 6 da aka kai rahoton sun ci ta a Amurka sun tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021, kuma kusan dukkansu a cikin gida suka tsince ta, ba baƙo ne ya miƙa musu ba. Duk da haka, in kun ga an rubuta THC, wato sinadarin wiwi mai sa maye, a jikin takarda, ku ɗauke. In yaro ya ci abin da ba ku gane ba, lambar cibiyar guba ta Amurka ita ce 1-800-222-1222, kyauta ce dare da rana. In numfashinsa ya sauya ko ya kasa farkawa, 911 kai tsaye.

To wanne?

Idan kun yanke cewa yaranku za su yi, ga yadda nake gani. Ƙasa da shekara 4, ɗakin karatu ko kasuwa da rana. Daga 4 zuwa 8, filin motoci, ko titin da aka rufe, ko cikin benenku. Bin gidaje a buɗaɗɗen titi shi ne na ƙarshe a jerin, kuma sai in akwai babba ga kowane yara biyu ko uku. Daga 9 zuwa 12, bin gidaje a unguwa mai gefen tafiya da fitila, tare da babba ko da yana biye da su daga 'yar tazara, a fita da wuri a dawo kafin 8. Idan kuma kun yanke ba sa yi, to aikinku bai ragu ba, ya koma shirya musu inda za su kasance da abin da za su yi daga la'asar zuwa isha'i.

Matasa 'yan 13 zuwa sama su ne masu wuyar sha'ani, kuma nan ne zan fi karkata ga a ba su aiki maimakon a sake su: su raka ƙannensu tare da babba, ko su tsaya a ƙofa suna rabawa, ko su taimaka a shirin masallaci. Saurayi baƙar fata mai tsayin babban mutum, fuska a rufe, yana buga ƙofa ƙarfe tara na dare, ba kallon yaro ake yi masa ba. Wasu garuruwan ma doka ta shiga maganar: a Chesapeake ta jihar Virginia wanda ya haura shekara 14 ba shi da izinin bin gidaje, kuma ƙarfe 8 kowa ya tsaya. Garuruwa da yawa a Ohio da Pennsylvania su ke sa ranarsu da awanninsu, wani lokaci ma ba ranar 31 ba, don haka a duba shafin hukumar gari tun da wuri.

Saura mu masu riƙe da sitiyari. 'Yan uwanmu da yawa a New York da Chicago da Toronto tasi suke ja, ko Uber, ko kai saƙon abinci, kuma daren nan na ciniki ne, waya ba ta daina ƙara. Wasu kuma za su fita sallar magariba ko isha'i su ratsa unguwa a daidai lokacin da titi ya cika. Daga ƙarfe biyar zuwa tara, a cikin unguwa, mil 15 zuwa 20 a awa ya isa, fitila a kunne tun rana ba ta faɗi ba. Motar da kuka ga ta tsaya a tsakiyar titi kada ku zagaye ta da gudu, yara take saukewa. Kafin ku ja da baya daga ƙofar gida ku fito ku duba da idonku, kyamarar baya ba ta nuna wanda ke tahowa a guje daga gefe. Fasinjan da ke gaggawa ya yi haƙuri, in ya ga dama ya rage muku tauraro a manhaja.